Ni ne na tsufa, ko da gaske wasannin labari na mutum ɗaya sun dawo?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata tambaya ce ke cina, na ce bari in kawo ta zaure. Kusan shekara shida ba ni da wani gem sai na intanet, irin wanda ake zuba mutum ɗari a fili ɗaya a ce wanda ya rage shi ne gwani. Kullum da dare sai na shiga, ko ina so ko ba na so, don kada ladan ranar ya wuce ni. Wata uku da suka wuce netiwok ɗina ya ɗauke kwana biyu cur. Na rasa abin yi, sai na jawo faifan God of War na 2018 da na saya tuntuni na jefa a durowa.

Ba faɗan ne ya fara kama ni ba. Akwai inda Kratos da ɗansa Atreus suke cikin kwalekwale, ga kan Mimir a rataye a ƙugun Kratos yana ba su labari. Da na matsa bakin gaɓa zan sauka, sai ya katse, ya ce zai ƙarasa daga baya. Wallahi sai na tsinci kaina ina zagaye tafkin nan ba gaira ba dalili, don kawai in ji ƙarshen labarin. Ba mai jirana, ba agogo a saman allo, ba wanda ke zagina a kunne. Netiwok ya dawo, ni ban koma ba.

Yanzu ina lura abokaina da dama sun yi irin wannan juyin. To ni ne na tsufa, ko akwai abin da ya canza a harkar gaba ɗaya?

Sarkin_Fad:
Tsufa ne Baba, ka karɓa da hannu biyu. Yatsu sun daina sauri, yara sun fara cin ka, sai ka fake da "labari". Hhhh.

Baban_Ilham:
@Sarkin_Fad ba zan musa ba, akwai wannan a ciki. Amma ba shi kaɗai ba ne.

TsohonHannu:
Wa alaikumus salam. Ni kalmar "dawowa" ce ban yarda da ita ba. Ina suka je da za su dawo? The Last of Us ya fito a 2013. The Witcher 3 a 2015. Zelda: Breath of the Wild a 2017. A 2018 kaɗai an samu God of War ɗin da kake magana, da Spider-Man, da Red Dead Redemption 2. Duk suna nan a shekarun da kake can kana harbe-harbe da mutum ɗari. Kai ne ka yi tafiya Malam, gidan yana nan inda ka bar shi.

Abin da ya faru shi ne manyan kamfanoni sun daɗe suna yi wa irin waɗannan wasanni fatan mutuwa. Tun 2010 wani babban jami'in kamfanin wasanni na EA, Frank Gibeau, ya nuna cewa zamanin gem ɗin da mutum zai buga shi kaɗai ya gama ya ajiye ya wuce. A 2017 suka rufe reshensu Visceral Games ana tsaka da aikin wani gem na labari. Bayan shekara biyu su ɗin dai suka fitar da Jedi: Fallen Order, na mutum ɗaya, ya yi kasuwa fiye da yadda suka zata. Wanda ake ta haƙa wa kabari ne ya ƙi mutuwa.

Injiniya_Kb:
@TsohonHannu gaskiyarka rabi ce Yaya. Ba su tafi ba, amma akwai abin da ya canza, kuma ba a wajen 'yan wasa kaɗai ba. Ku dubi watan Agustan 2024. Ranar 20 ga wata Black Myth: Wukong ya fito, na wani kamfanin China mai suna Game Science, gem na mutum ɗaya. Cikin kwana uku ya sayar da kwafi miliyan 10. Ranar 23 ga wannan watan Sony ta fitar da Concord, na harbi a intanet, biyar da biyar. Ranar 6 ga Satumba aka kashe sabarsa, wato kwamfutocin da ke riƙe gem ɗin a intanet, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Mako biyu ke nan. Daga baya ma aka rufe Firewalk, kamfanin da ya yi shi.

A wannan shekarar dai Rocksteady, waɗanda suka yi suna da wasannin Batman na Arkham, suka fitar da Suicide Squad a tsarin intanet. Warner Bros, masu Rocksteady ɗin, da kansu suka ce ya jawo musu asarar dala miliyan 200. Kafin nan, a Disambar 2023, Naughty Dog suka soke The Last of Us na intanet da suka daɗe suna yi, suka ce in sun ci gaba zai cinye ƙarfinsu har su kasa yin wasannin labari.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gem na intanet yana son ya zama shi kaɗai ne a rayuwarka. Mutum kuwa sa'o'insa ƙidayayyu ne. Wanda ya zuba shekara biyar da kuɗinsa a Fortnite, abokansa duk suna can, me zai sa ya tashi ya koma sabo? Kujerun sun cika. Amma gem na labari ba ya neman ka saki kowa. Ka gama wannan, ka ɗauki wancan.

Gwanin_Layi:
Ku dai yi a hankali, kada ku ga Concord ya faɗi ku ɗauka an gama da mu. Kun kawo waɗanda suka mutu, kun ƙi kawo masu rai. Fortnite tun 2017 yake ci. Counter-Strike ya haura shekara ashirin, kuma har yau da wuya ka leƙa Steam, shagon wasannin kwamfuta, ba ka same shi a sahun gaba ba. Helldivers 2 a wannan 2024 ɗin ya fito, na intanet ne, ya yi kasuwa ta ban mamaki, kuma Sony ɗin ce dai ta fitar da shi.

In kana son sanin inda kuɗi yake, dubi Rockstar, masu GTA. GTA IV ya samu ƙarin labari har guda biyu. GTA V da ya fito a 2013 bai samu ko ɗaya ba, komai GTA Online aka zuba wa. Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma ni in faɗa muku tawa. Abokaina na makaranta mun watse, kowa yana wata uwa duniya. Daren Asabar ɗin nan da muke haɗuwa mu huɗu a gem shi ne zumuncinmu. Rabin lokacin ma ba wasan muke ba, hira ce. Wane Kratos ne zai tambaye ni ya jikin mahaifiyata?

Ummu_Sadiq:
@Gwanin_Layi wannan magana ta ƙarshe ta taɓa ni, Allah ya bar zumunci.

Amma ni dalilina ɗaya ne tak, kuma ba shi da alaƙa da kamfanoni: maɓallin tsayawa. Ina da yara biyu ƙanana. Lokacin da nake da shi shi ne bayan sun yi barci, shi ma ba tabbas. A gem na intanet in yaro ya farka yana kuka, zaɓi biyu ne: ko in bar shi ya yi ta yi na minti goma, ko in ajiye fad in bar mutum huɗu suna tsine min, gem ɗin kuma ya hukunta ni don na fita. Na taɓa dawowa daga lallashin yarinya na tarar an cika min akwatin saƙo da zagi. Daga ranar na goge shi.

Yanzu ina buga Ghost of Tsushima. Rannan Jin, jarumin gem ɗin, ya zare takobi ke nan, sai na ji motsi a ɗaki. Na danna tsayawa. Sai washegari da dare na dawo, yana nan da takobinsa a sama, bai ce min uffan ba.

Sarkin_Fad:
Anti kada dai wani ya ruɗe ki ki sayi Elden Ring. Na mutum ɗaya ne, ana iya buga shi ba intanet, amma ba shi da maɓallin tsayawa. Ko kin buɗe jakar kaya duniya tana tafiya, ki dawo ki tarar an gama da ke.

Ummu_Sadiq:
To wannan ba nawa ba ne, na yafe. Wanda ya tsara shi ba ya raino.

Shiru_Kake_Ji:
Tun ɗazu nake karanta ku kuna ta cewa "ba ya buƙatar intanet" kamar zance ne da aka gama. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Na mutum ɗaya daban, marar buƙatar intanet daban, kuma kamfanoni sun daɗe suna raba su.

Diablo III a 2012, ko kai kaɗai za ka buga sai ka shiga saba, ranar farko jama'a suka kwana suna kallon saƙon kuskure mai lamba 37. SimCity na 2013 haka, gem ɗin gina gari, sai da aka yi ta kuka kafin a 2014 su ba da damar buga shi ba intanet. A 2013 ɗin Microsoft ta so Xbox One ya riƙa leƙa intanet duk bayan awa 24, surutu ya sa suka janye. Gran Turismo 7 a Maris 2022 sabarsa ta tsaya fiye da kwana guda, mafi yawan abin da mutum zai yi shi kaɗai ya kulle. A kwamfuta kuma ga Denuvo, manhajar hana satar gem, wadda kan nemi a tabbatar da lasisi ta intanet lokaci zuwa lokaci.

Babban misali shi ne The Crew na Ubisoft, gem ɗin tseren mota na 2014. An rufe sabarsa a ƙarshen Maris 2024, ya mutu murus, har a hannun masu faifai. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games wanda Ross Scott ya fara, har takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. A 2024 kuma jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa masu sayar da kayan dijital su bayyana cewa lasisi kake saya, ba mallaka ba. Ku duba kwandon sayayya na Steam, yanzu an rubuta haka ƙarara.

Saboda haka ni ba labarin ne ya mayar da ni ba. Tsoro ne. Ina son abin da in na ajiye shi shekara goma na dawo zan same shi.

Hafsy_04:
@Shiru_Kake_Ji to mene ne mafita? Ni duk nawa saukewa nake, ba ni da faifai ko ɗaya.

Shiru_Kake_Ji:
@Hafsy_04 in a kwamfuta kike, shagon GOG. CD Projekt ne suka kafa shi a 2008, wasanninsa ba su da makulli, kina iya sauke fayil ɗin girkawa ki adana a naki faifan ajiya. Steam yana da yanayin aiki ba intanet, amma ki fara buɗe gem ɗin sau ɗaya kina kan layi. A PlayStation 5 ki tabbata kin kunna saitin da ke mayar da na'urar ta zama taki ta asali, in ba haka ba ranar da netiwok ya ɗauke za ki ga ɗan kwado a kan wasanninki. Faifai ma yanzu ba duka ne cikakku ba. Wasu rabin gem ne a ciki, sauran sai an sauke. A Switch 2 har akwai kati wanda mabuɗi ne kawai, gem ɗin ba ya cikinsa.

Injiniya_Kb:
Ƙari a kan wannan: ko gem ɗin yana cikin faifan gaba ɗaya, wane irinsa ne? Duk wanda ya riƙe faifan Cyberpunk 2077 na Disambar 2020 bai sabunta ba, ya riƙe gem ɗin da Sony ta cire daga shagonta saboda matsaloli. Wanda ake yabo yanzu wanda aka yi shekaru ana gyarawa ne, kuma gyaran ta intanet yake zuwa.

TsohonHannu:
Kun fara mayar da zaren nan ajin lauyoyi. Mu koma kan labari, don shi mai tambaya ya kawo.

Ni abin da ban taɓa samu a gem na intanet ba shi ne nauyin abin da na aikata. A The Witcher 3 akwai labarin Bloody Baron. Mutum ne mashayi, mai dukan iyali, matarsa da 'yarsa sun gudu, ya ce ka nemo masa su. Da farko kana jin kamar ka shaƙe shi. Kana tafiya kana jin ɓangarensa, ba wai ya zama mai gaskiya ba, amma ka daina iya tsanarsa cikin sauƙi. Sai a wani wuri can daban, a gindin wata bishiya, a ba ka zaɓin da kake gani ba ruwansa da Baron. Bayan sa'o'i ka dawo ka ga abin da zaɓin nan ya haifar. Na ajiye fad na yi shiru kusan minti biyar. Na so in koma tsohon ajiya in canza, sai na ga kamar ha'inci ne, na bar shi haka.

Shekara nawa ke nan, ina tuna wannan daren. Amma a tambaye ni wasa dubu nawa na ci a ƙwallon intanet, ko ɗaya ba zan iya kawowa ba.

Gwanin_Layi:
Yaya ni kuwa ina tuna daren da muka rage mu biyu, abokina ya faɗi, na ɗauke shi a kafaɗa na ratsa ta tsakiyar mutum uku muka ci. Har yau muna ba da labarin. Bambancin kawai, naku wani ne ya rubuta, namu mu muka yi.

TsohonHannu:
@Gwanin_Layi wannan ka kama ni. Na sallama maka wannan.

Mai_Doki:
Tunda an zo nan dole in saka Red Dead Redemption 2. Mutane suna cewa yana da nawa, wai Arthur, jarumin gem ɗin, sai ya ɗauki lokaci yana buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, doki sai an share shi an ba shi abinci, gemu yana tsiro sai an aske. Ni wannan nawar ce ta riƙe ni. Na kan dawo sansani da dare in zauna bakin wuta ina sauraron hirar mutanen Dutch, shugaban ƙungiyar, ba wani lada da za a ba ni. In buɗe littafin da Arthur ke rubutu da zane in ga yadda shi yake kallon abin da muka yi da rana. Doki ɗaya na riƙe tun kusan farko, na raɗa mata suna. To a can ƙarshe lokacin da

Hafsy_04:
Mai_Doki DAN ALLAH TSAYA. Ina babi na uku!

Mai_Doki:
Ƙanwata yi haƙuri, na goge sauran. Ban faɗi komai ba ai.

Hafsy_04:
Ka ce "a can ƙarshe" bayan ka gama yabon doki. Ai ka gama faɗa.

Sarkin_Fad:
Gem ɗin 2018 fa. Shekara nawa za a yi ana rufa muku asiri?

Ummu_Sadiq:
Har abada. Ai wannan ma yana cikin daɗinsa, kowa da ranar da zai fara. Ba kamar wancan ba da in ka makara wata uku an wuce zango, an kwashe kayan.

Kura_Ta_Gaji:
Bari in zuba ruwan sanyi kaɗan. Yawancin abin da kuke kira wasan labari yanzu shi ma ya koyi halin na intanet. Ka buɗe taswira ka ga alamomi kamar an watsa tsakuwa. Je ka hau hasumiya, je ka tattaro fuka-fukai hamsin, je ka share sansani na talatin wanda bai da bambanci da na farko. Na sayi wani, ba zan kama suna ba, na yi awa sittin, aka ce min ban kai rabi ba, kuma matakina bai isa in ci gaba da labarin ba sai na yi aikace-aikacen gefe. Ga shago a cikin gem ɗin yana tallar abin da zai hanzarta min. To mene ne bambancinsa da aikin da na gudo?

Ni yanzu gajeru nake nema. What Remains of Edith Finch awa biyu ne zuwa uku, zama ɗaya, kuma ya fi wasu masu awa ɗari zama a raina. Outer Wilds kuma wani abu ne daban: rana tana fashewa duk bayan minti 22, ka dawo farko, ba makami, ba ƙarin ƙarfi, abin da ka sani kawai shi ke ƙaruwa. Matsalarsa ɗaya, sau ɗaya ake buga shi a rayuwa. Da ka san amsar shi ke nan.

Injiniya_Kb:
@Kura_Ta_Gaji cikon nan da kake gani yana da tushe a kuɗi. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, da Microsoft a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma 212. Wanda ya kashe haka yana tsoron a ce gem ɗinsa gajere ne. Ga kuma lokaci. A zamanin PlayStation 3, Naughty Dog sun fitar da Uncharted uku da The Last of Us tsakanin 2007 da 2013. Bayan The Last of Us Part II na 2020 har zuwa 2025 kuwa ba su fitar da sabon labari ba, sai sabunta tsofaffi. Saboda haka masu murnar "dawowa" su sani da sauran rina a kaba. Gem ɗaya in ya faɗi yana iya tafiya da kamfani.

Inda nake ganin haske shi ne ƙanana da matsakaita. Larian na Beljiyam da Baldur's Gate 3 a 2023, ba shago a ciki, ya zama gwarzon shekara. Clair Obscur: Expedition 33 na Sandfall a Faransa, ainihin ma'aikatansu kusan talatin, duk da sun ba da wasu ayyukan a waje. Hollow Knight: Silksong na Team Cherry a Ostireliya, mutum uku, ranar da ya fito a Satumbar 2025 sai da shagon Steam ya durƙusa saboda cunkoso.

Gwanin_Layi:
Baldur's Gate 3 da kuke ta ja zuwa ɓangarenku, ana buga shi mutum huɗu fa. Mu haka muka buga shi, muka yi wata biyar muna gardamar wa zai yi magana da wa.

Bilkisu_R:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo: harshe. Gem na harbi ba ruwansa da ko kana jin Turanci, ka ga mutum ka harba. Amma gem na labari in ba ka jin abin da ake faɗa ka yi asarar rabinsa. Na gwada Disco Elysium, karatu ne zalla, sai da na riƙa ajiye ƙamus a gefe, daga ƙarshe na haƙura. Ƙanena kuwa duk wani bidiyon labari tsallake shi yake, ya gama gem ya ce min bai ga abin da ake yabo ba. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa wasu ba za su taɓa barin na intanet ba, ba wai ba sa son labari ba ne.

TsohonHannu:
@Bilkisu_R gaskiya ne. Sai dai akwai waɗanda ke ba da labari ba kalma ko ɗaya. Journey, Inside, Limbo. Ki ba ƙanen naki Inside ki zauna kusa ki ga ko zai iya tsallake wani abu.

Ɗan_Tsako:
Yayyena ni fa waya kawai gare ni, duk waɗannan da kuke lissafawa a YouTube nake kallonsu. Akwai na labari da zan buga a waya ba data?

Hafsy_04:
Akwai ƙanena. Limbo yana waya. Monument Valley ma, gajere ne mai kyau. GTA San Andreas yana nan in wayarka tana da wuri. Stardew Valley ba labari ne mai zafi ba, noma ne da zama da mutanen ƙauye, mutum ɗaya ne ya yi shi, Eric Barone, amma zai cinye maka dare ba ka sani ba. Data sai ta saukewa kawai.

Shiru_Kake_Ji:
Ka gwada kowanne da yanayin jirgin sama a kunne kafin ka saki jiki.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci zaren zai yi tsawo haka ba. @TsohonHannu na yarda ni ne na yi tafiya. Amma ina ganin ba ni kaɗai na tafi ba, kuma da yawanmu lokaci ɗaya muka gaji. Abin da na kasa faɗa a farko shi ne wannan: ranar da na gama God of War, sunayen waɗanda suka yi shi suna wucewa ina saukowa daga dutse da yaron, sai na ji wani abu da na manta da shi, wato na gama. Shekara shida ban gama komai ba. Kowane zango in ya ƙare wani ne ke buɗewa, da sabon tikiti, da sabon jerin ayyuka.

Sai dai @Gwanin_Layi maganarka ta tsaya min. Akwai wani abokina da tun da na bar wancan gem ɗin ba mu yi magana ba. Ban lura ba sai da ka faɗa.

Sarkin_Fad:
Ka ga ni. Nan da mako biyu za mu gan ka a layi Baba, kujerarka tana nan.

Kura_Ta_Gaji:
Ko ya kira shi a waya kawai, ba sai da bindiga ba.

Gwanin_Layi:
Kura, maza nawa ka sani da ke kiran juna a waya su yi awa biyu suna hira haka siddan? Sai an samu abin da hannu ke yi bakin ke buɗewa.

Mai_Doki:
@Baban_Ilham kafin ka yanke shawara, Ragnarök na 2022 yana jiranka, daga inda wancan ya tsaya. Bayan shi kuma ka zo mu yi maganar doki. Hafsy ki rufe ido.

Shiru_Kake_Ji:
Malam Baban Ilham, tambaya ɗaya. Daren da netiwok ɗin ya ɗauke, faifan ya girku ya tashi ba tare da ya nemi komai ba?

Baban_Ilham:
Ya tashi lafiya lau. Ya ɗan ɗauki lokaci yana kwafewa, shi ke nan.

Shiru_Kake_Ji:
To ka riƙe faifan nan da kyau, kada ka ba da aro.

Ɗan_Tsako:
Na sauke Limbo. Wannan ƙaton gizo-gizon da ke bayan bishiya ya soke ni sau tara. Ta ina ake wucewa? Kada a faɗa min duka, a ɗan haska min kawai.

TsohonHannu:
Ka tsokane shi ya daki ƙasa, ka ja da baya kafin ya same ka. Sannan ka koma baya kaɗan ka duba abin da ya faɗo daga reshe.